Daga Ƙaro zuwa Zogale: Damarmakin Binciken Digiri na Uku a Kimiyyar Polima Masu Caji a Katsina

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin wani reshe na kimiyyar sinadarai da ke nazarin dogayen ƙwayoyin sinadari masu ɗauke da cajin lantarki, tare da nuna guraben da mai neman digiri na uku zai iya shiga cikinsa daga birnin Katsina. An fara da fayyace ma'anar polima mai caji da dokokin da ke tafiyar da halayenta a cikin ruwa, sannan aka bibiyi tarihin fagen a taƙaice. Daga nan aka zayyana fagage huɗu na bincike da ke da tushe a rayuwar Bahaushe, wato ƙaro da irin zogale da yauƙin miya da kuma laso. Maƙalar ta nuna cewa tambayoyin da suka cancanci digiri na uku suna nan a hannun masu sana'o'in gargajiya, kuma manazarta harshe da al'adun Hausa na da gurbi babba wajen tattaro su da samar musu da kalmomi.

Fitilun Kalmomi: polima, caji, ƙaro, zogale, yauƙi, keɓaɓɓun kalmomi

1.0 Gabatarwa

Alaramman da ke haɗa tawada ya san cewa idan bai sa ƙaro ba, baƙin zai kwanta a gindin kurtu ya bar ruwa a sama, rubutun kuma ba zai kama allo ba. Mai awara ta san lokacin da za ta zuba ruwan tsami a cikin tafasasshen ruwan waken suya domin ya dunƙule. Uwargida ta san cewa 'yar kanwa kan ƙara wa miyar kuɓewa yauƙi, tsami kuma kan tsinka ta. Waɗannan mutane uku ba su haɗa sana'a ba, amma abu ɗaya suke sarrafawa, wato dogayen ƙwayoyin sinadari masu ɗauke da cajin lantarki waɗanda suka narke a cikin ruwa.

Nazarin irin waɗannan ƙwayoyi fage ne mai zaman kansa a jami'o'in duniya, kuma yana ƙarƙashin fizikal kemistiri, reshen da ke amfani da dokokin fiziks da lissafi wajen bayyana dalilin halayen sinadarai. A kowace shekara jami'o'in Turai da Amurka da Asiya kan tallata guraben digiri na uku a wannan fage. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, ɗaya daga cikin kayayyakin da aka kafa harsashin fagen a kansu ƙaro ne, irin wanda ake tsinka a dazuzzukan Sahel. Manufar wannan maƙala ita ce ta gabatar da fagen ga manazarta Hausa, ta kuma nuna cewa ɗalibin Katsina ba ya buƙatar aron batu daga waje kafin ya shiga cikinsa.

2.0 Ma'anar Polima Mai Caji

Polima ƙwayar sinadari ce doguwa wadda aka gina ta hanyar jera ƙananan ƙwayoyi masu kama da juna, ɗaya na riƙe da ɗaya. Carbi shi ne misali mafi kusa: zare guda, ƙwayoyi a jere. Bambancin kawai shi ne carbin polima kan ɗauki dubban ƙwayoyi, wani lokaci miliyoyi, wani kuma yana da rassa kamar bishiya. Sitaci da auduga da roba da furotin da DNA duk polima ne.

Caji kuwa iri biyu ne. A wannan maƙala an aro kalmomin tabbatau da korau daga nahawu domin a ambace su. Dokarsu sananniya ce: masu caji iri ɗaya suna ture juna, masu caji mabambanta suna jan juna. Polima mai caji ita ce wadda wasu ƙwayoyin carbinta kan saki wani ɗan ƙaramin ɓangare idan sun shiga ruwa, sai carbin ya rage da caji iri guda, ɓangarorin da aka saki kuma su riƙa yawo da kishiyar cajin. Waɗannan ƙananan ɓangarori ana kiran su ayon. Tun da ba sa nisa da carbin da suka fito daga jikinsa, za a kira su ayon 'yan rakiya.

Abin da ke biyo baya yana da saukin hasashe. Carbi marar caji idan aka jefa shi a ruwa yakan cukuikuye. Mai caji kuwa, tun da ƙwayoyinsa na ture juna, sai ya miƙe ya mamaye fili, ya riƙe ruwa mai yawa. Wannan ne ya sa ɗan kaɗan daga irin wannan polima ke sa ruwa ya yi kauri, kuma shi ne sirrin garin da ke cikin ƙunzugun zamani na jarirai, wanda ke shanye tsabtataccen ruwa ninkin nauyinsa sau ɗaruruwa.

2.1 Ma'aunai Uku da ke Tafiyar da Fagen

Ma'auni na farko shi ne tazarar Bjerrum. Ƙwayoyin ruwa kullum cikin motsi suke saboda zafi, kuma motsin yana ƙoƙarin raba duk abubuwan da suka kusanci juna. Tazarar Bjerrum ita ce nisan da ƙarfin jan caji biyu ke yin daidai da ƙarfin wannan motsi. A cikin ruwa mai zafin digiri 25, tazarar ta kai kimanin nanomita 0.7. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita.

Na biyu shi ne tazarar Debye, wadda ta samo asali daga aikin Peter Debye da Erich Hückel na shekarar 1923. Idan aka zuba gishiri a ruwa, ayon ɗinsa kan kewaye kowane caji su yi masa shamaki, ta yadda ƙarfinsa ba ya kai wa nesa. A ruwa mai ƙarancin gishiri, milimola 1, ƙarfin caji kan kai kimanin nanomita 10. Idan gishirin ya ninka sau 100, sai nisan ya dawo kimanin nanomita 1. Ke nan gishiri yana hana ƙwayoyin carbi jin turin juna, carbin ya sake naɗewa, kaurin ruwan ya ragu.

Na uku shi ne maƙalewar 'yan rakiya, wadda Fumio Oosawa na Japan da Gerald Manning na Amurka suka yi wa bayani, na biyun a shekarar 1969. Idan caji ya yi cunkoso a jikin carbi har tazarar da ke tsakaninsu ta gaza tazarar Bjerrum, wasu 'yan rakiya kan dawo su manne a jikinsa, su rage masa ƙarfi. A jikin DNA, alal misali, akwai caji korau ɗaya a kowace nanomita 0.17, don haka kimanin kashi uku cikin huɗu na cajinta a kashe yake. Abin lura a nan shi ne, an gina wannan ra'i ne a kan carbi miƙaƙƙe kamar sanda. Yadda lamarin yake a polima mai rassa da yawa tambaya ce mai wuyar amsawa, kuma ƙaro yana cikin wannan rukuni.

3.0 Waiwaye a kan Tarihin Fagen

A shekarar 1920 ne Hermann Staudinger na Jamus ya kawo ra'ayin cewa roba da sitaci da makamantansu dogayen sarƙoƙi ne na haƙiƙa. An daɗe ana jayayya da shi kafin a ba shi kyautar Nobel a 1953. A 1929 kuma wasu masana biyu na ƙasar Holan, H. G. Bungenberg de Jong da H. R. Kruyt, suka bayyana wani abin mamaki. Idan aka gauraya ruwan ƙaro, mai caji korau, da ruwan jelatin, wanda ke ɗaukar caji tabbatau a cikin ɗan tsami, gaurayen kan rabu gida biyu: ruwa tsararo a sama, da wani ruwa mai kauri a ƙasa wanda ya tattare polima biyun. A nan za a kira wannan hali curewa. J. Th. G. Overbeek da M. J. Voorn sun samar masa da ra'in lissafi na farko a 1957, kuma a cikin shekarun 1950 kamfanin NCR na Amurka ya yi amfani da curewar ƙaro da jelatin wajen kulle ɗigon tawada a cikin ƙananan ƙwanso, abin da ya haifar da takardar rasit mai kwafi ba tare da kabon ba.

A ƙarshen shekarun 1940 Raymond Fuoss ya nuna cewa polima mai caji tana saɓa wa sauran polima: gwargwadon yadda aka tsarma ta da ruwa marar gishiri, gwargwadon yadda gudummawar kowane giram nata ga kaurin ruwan ke ƙaruwa. Daga baya Pierre-Gilles de Gennes na Faransa, wanda ya sami kyautar Nobel a 1991, ya faɗaɗa ra'in tare da abokan aikinsa a 1976. Tun daga 2009, da aka gano cewa akwai ɗigo-ɗigo masu kama da ruwa a cikin ƙwayoyin halitta masu rai, batun curewa ya sake samun karɓuwa a wurin masana. Har yau ba a sami ra'i guda da ya gamsar da kowa ba game da halayen waɗannan polima a ruwa mai gishiri da yawa ko mai gaurayen gishiri iri-iri. Wannan giɓi shi ne ƙofar ɗalibin digiri na uku.

4.0 Fagagen Bincike Masu Tushe a Katsina

4.1 Ƙaro

Ƙaron da ya fi daraja a kasuwa shi ne na dakwara, itacen da masana tsirrai suka daɗe suna kira Acacia senegal, sai na dushe, wato Acacia seyal. Ƙaro polima ne mai rassa da yawa wanda aka gina da sukari iri huɗu. Ɗaya daga cikinsu, gulukuronik asid, shi ke ba shi caji korau, 'yan rakiyarsa kuma su ne kalsiyam da magniziyam da fotasiyam. A ƙaron dakwara akwai furotin kimanin kashi 2 cikin 100, kuma mafi yawan aikin da ƙaro ke yi wajen riƙe ɗigon mai a cikin ruwa yana fitowa ne daga wani ɓangare da bai wuce kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinsa ba, inda furotin da sukari suka haɗu. Wannan hali ne ya sa kamfanonin lemon kwalba da alewa da magunguna ke nemansa a ƙarƙashin lambar E414.

Sudan ce kan gaba a duniya wajen samar da ƙaro, Chadi da Nijeriya na biye da ita. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya sa masu saye sun ƙara waiwayar sauran ƙasashe. Sai dai mafi yawan ƙaron Sahel ɗanye yake fita, a tace shi a mayar da shi gari a ƙasashe irin su Faransa, inda ribar ta fi tsoka. Mai tsinkar ƙaro ana biyan sa bisa launi da girman curi, mai masana'anta kuwa yana saye ne bisa awon da aka yi a ɗakin gwaji. Wanda ba shi da awo, ba shi da bakin ciniki.

Tambayoyin bincike a nan a bayyane suke. Yaya yawan cajin ƙaro ke sauyawa da irin ƙasa da shekarun itace da lokacin tsaga? Idan aka cire 'yan rakiya na asali aka maye su da wasu, me ke faruwa ga girman ƙwayar da ƙarfinta na riƙe mai? Shin ra'in Manning na iya ɗaukar polima mai rassa irin wannan, ko sai an yi masa gyara? Jihar Katsina na cikin jihohi 11 da shirin dashen itatuwa na Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, kuma dakwara na cikin itatuwan da suka dace da shirin. Sanin irin da zai ba da ƙaro mai inganci kafin a dasa shi ya fi a gano bayan shekaru.

4.2 Irin Zogale da Ruwan Sha

Birnin Katsina ya daɗe yana dogara da madatsar ruwa ta Ajiwa, baya ga ta Zobe da ke kusa da Dutsin-Ma, da rijiyoyin burtsatse da 'yan ga-ruwa. Da damina ruwan madatsa da na tafki kan yi ja saboda laka. Dalilin da ya sa wannan laka ba ta kwanciya ko an ajiye ruwan kwana da kwanaki shi ne ƙananan ƙwayoyinta na ɗauke da caji korau, suna ture juna, ba sa haɗuwa balle su yi nauyin nutsewa. Ra'in da ke bayanin haka ana danganta shi ga Derjaguin da Landau a 1941, da kuma Verwey da Overbeek a 1948. Daga cikin abin da ya tabbatar akwai wata tsohuwar ƙa'ida: ayon mai caji uku ya fi mai caji ɗaya ƙarfin dunƙula laka sau ɗaruruwa. Wannan na cikin dalilan da suka sa alam, mai ɗauke da alminiyam, ke aikin da gishirin miya ba zai yi ba.

Irin zogale yana yin makamancin wannan aiki ta wata hanya. Samia Al Azharia Jahn ta rubuta yadda matan karkara a Sudan ke tace ruwan kogin Nilu da shi, kuma binciken da aka buga a 1995 ya nuna cewa sinadarin da ke aikin ƙaramin furotin ne mai caji tabbatau. Yakan manne a jikin laka ya kashe cajinta, ƙwayoyin su dunƙule su kwanta. Daga baya Habauka Kwaambwa, tare da Adrian Rennie na Jami'ar Uppsala a Suwidin, sun yi amfani da hasken niyutiron a cibiyar Grenoble ta Faransa wajen auna yadda furotin ɗin ke shimfiɗuwa a kan fuskar silika.

Duk da haka, akwai matsalolin da suka hana zogale maye gurbin alam. Idan aka zuba fiye da kima, lakar kan ɗauki caji tabbatau ta sake watsewa. Ragowar garin da ya narke kan zama abinci ga ƙwayoyin cuta idan ruwan ya kwana. Aikinsa kuma yakan yi rauni a ruwan da bai dagule sosai ba. Kundin digiri na uku da zai auna cajin lakar Ajiwa wata bayan wata, ya danganta shi da gishirin ruwan, ya kuma fitar da ƙa'idar da ke hasashen adadin da ya dace, zai amfani ma'aikatar ruwa da mai randa baki ɗaya. Akwai kuma batun zafi. Mafi yawan awon da ke cikin littattafai an yi shi ne a digiri 20 zuwa 25, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin Katsina kan kai digiri 40.

Wani batu mai jan hankali shi ne haɗa biyun. Ƙaro korau ne, furotin zogale tabbatau ne. Nazarin curewarsu zai maimaita gwajin 1929 da kayan gida zalla, kuma yana iya buɗe hanyar kulle mai ko magani ko sinadarin gina jiki a cikin ƙwanso ba tare da jelatin na dabba ba, wanda halascinsa kan zama abin tambaya ga Musulmi idan ba a san asalinsa ba.

4.3 Yauƙi da Awara

Yauƙin kuɓewa polima ne na dangin fektin, mai ɗauke da wani asid da ke sakin caji korau. Bayanin da ya fi kusa game da kanwa da tsami shi ne: kanwa na taimaka wa asid ɗin ya saki cajinsa, carbin ya miƙe, yauƙi ya ƙaru, tsami kuma na mayar da abin da aka saki, carbin ya naɗe, miya ta tsinke. Amma kanwa gishiri ce ita ma, kuma an ga a baya cewa gishiri na rage turin caji. Haka kuma tana tausasa ganye da 'ya'yan itace, ta sa su saki yauƙi da yawa. Rarrabe gudummawar kowane ɗaya daga waɗannan abubuwa uku aiki ne na awo mai zurfi, kuma ana iya faɗaɗa shi zuwa kuka da karkashi da lalo.

Awara da kindirmo suna nuna ɗaya fuskar. Furotin yana ɗauke da caji iri biyu a jiki ɗaya, kuma akwai matakin tsami da biyun ke yin kunnen doki. A wannan mataki turin ya ƙare, sai ƙwayoyin su dunƙule. Ga furotin madara matakin yana wajen 4.6 a ma'aunin pH, na waken suya kuma kusa da 4.5. Masu awara kan yi amfani da ruwan tsami ko tsamiya ko alam, kuma kowanne na ba da laushi da auki daban. Sanin dalilin bambancin na da alaƙa kai tsaye da ribar mata masu wannan sana'a da lafiyar masu ci.

4.4 Laso da Ginin Ƙasa

Hasumiyar Gobarau da ragowar ganuwar Katsina shaida ne a kan ƙwarewar maginan Hausa. Daga cikin dabarunsu na kare gini daga ruwan sama akwai makuba, da ake samu daga ɓawon ɗorawa, da kuma laso, wanda ake haɗawa da katsi na marina da gashin jima da dafara. Dafara na ba da yauƙi, katsi na ɗauke da toka, yumɓu kuma fuskarsa na da caji korau. A fagen polima an san cewa ayon mai caji biyu, irin kalsiyam, kan zama gada tsakanin abubuwa biyu masu caji korau. Ko wannan ne ke faruwa a cikin laso, tambaya ce da gwaji zai warware. Amsar za ta taimaka wajen gyaran gine-ginen tarihi da abin da ya dace da su, tun da an san yaɓen siminti a kan ginin ƙasa kan tare danshi ya ɓata bango daga ciki.

5.0 Cibiyoyi, Kayan Aiki da Tallafi

Jihar Katsina na da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, wadda aka kafa a 2006, da Jami'ar Al-Qalam ta 2005, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ta 2011. A Zariya akwai Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa da ke Basawa. A Kano akwai Jami'ar Bayero da cibiyarta ta nazarin noma a busassun yankuna, a Kaduna akwai cibiyar nazarin albarkatun ruwa ta ƙasa, a Gashuwa ta jihar Yobe kuma akwai tashar binciken ƙaro.

Kashin farko na aikin ba ya buƙatar kaya masu tsada. Ma'aunin pH da ma'aunin gudun lantarki a ruwa sun isa a ƙididdige cajin polima. Siririn bututun gilashi da agogo sun isa a auna kauri, kuma da irinsu aka yi aikin shekarun 1940. Ko rarrabe ƙaron dakwara da na dushe ana yin sa da na'ura mai sauƙi, domin na farko kan juya haske zuwa hagu, na biyu zuwa dama. Abin da wannan mataki ke nema shi ne tsabtataccen ruwa da wutar lantarki tsayayya da tsare zafi a mataki ɗaya, sai haƙurin maimaita awo. Kwaikwayon motsin polima a kwamfuta ma hanya ce buɗaɗɗiya, tun da manhajoji irin su GROMACS da LAMMPS kyauta ne.

Kashi na biyu, wato ganin siffar ƙwayar kanta, shi ke buƙatar manyan na'urori masu harba hasken leza ko eksire ko niyutiron. Har yanzu nahiyar Afirka ba ta da babbar cibiyar haske ta sinkurotiron, don haka haɗin guiwa da waje ya zama dole. Tsarin da ya fi dacewa shi ne ɗalibi ya yi rajista a gida, ya tafi waje na wani lokaci. Hukumar tallafin karatu ta ƙungiyar Kwamanwel na da irin wannan shiri na watanni 12 a Birtaniya, hukumar DAAD ta Jamus da cibiyar TWAS da ke Italiya ma na da shirye-shirye masu kama da shi. A cikin gida akwai asusun TETFund ga malaman manyan makarantun gwamnati, da asusun PTDF, wanda fagen ya shafe shi domin ana amfani da polima masu caji wajen haƙar rijiyoyin mai da ƙara fitar da shi.

Ya kamata mai nema ya bambance abu biyu. Rahoton da ya tsaya a kan cewa ganye kaza na ɗauke da sinadari kaza, ko gari kaza ya rage dagulewar ruwa da kashi kaza, mafari ne kawai. Kundin fizikal kemistiri sai ya faɗi dalili, ya yi hasashen da za a iya ƙaryatawa, ya gwada shi. Ɗalibin da ya je wa mai dubawa na waje da samfuri mai cikakken tarihi da tambaya mai kaifi, ya je da abin da ɗakin gwajin can ba shi da shi.

6.0 Gurbin Manazarta Hausa

Cikakken tarihin samfuri ba ya samuwa sai ta bakin masu shi, kuma a nan ne aikin manazarta Hausa ya shigo. J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916, G. P. Bargery kuma ya adana kalmomin sana'o'i da dama a ƙamusunsa na 1934. Abin da ake buƙata yanzu ya wuce suna. Ana buƙatar tsarin aikin: wane ƙaro alaramma ke zaɓa, kwana nawa ake jiƙa dafara, a wane lokaci ake sa kanwa. Marina na rufewa, maginan laso na tsufa, kuma duk wanda ya rasu ba a ɗauki bayaninsa ba ya tafi da sakamakon gwaje-gwajen da kakanninsa suka yi.

Na biyu shi ne kalmomi. Hausa ta bambanta kauri da yauƙi da danƙo da santsi da tsinkewa, kuma waɗannan halaye ne mabambanta a wurin masanin polima ma. Kauri turjiya ce ga kwarara, yauƙi kuwa iya miƙewa ne kamar zare ba tare da yankewa ba, kuma da na'urori daban ake auna su. Kamar yadda littafin Hausa Metalanguage na 1990, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, ya daidaita kalmomin nazarin harshe da adabi, haka wannan fage ke jiran zaman haɗin guiwa tsakanin sashen harsunan Nijeriya da sashen kemistiri. Kalmomin da aka yi amfani da su a wannan maƙala, irin su curewa da 'yan rakiya, shawara ce da ke buƙatar tacewa.

Na uku shi ne haƙƙi. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanadi neman izini da raba amfani idan bincike ya dogara da albarkatun halitta da ilimin gargajiya na wata al'umma. Mai bayanin da ya fahimci abin da za a yi da iliminsa, a harshensa, shi ne zai iya ba da izini na gaskiya.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa kimiyyar polima masu caji ta tsayu a kan 'yan ma'aunai kaɗan, kuma waɗannan ma'aunai ne ke aiki a kurtun tawada da randar ruwa da tukunyar miya da bangon soro. An zayyana fagage huɗu da za su iya ɗaukar kundin digiri na uku, aka kuma nuna abin da za a iya yi a gida da abin da sai an nemi haɗin guiwa. Katsina ba baƙuwar irin wannan tafiya ba ce. Muhammad bn Muhammad al-Kashinawi ya tashi da ilimin da ya samo a ƙasarsa, ya yi rubutu a kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Matakin farko da ke gaban jami'o'in jihar a yau ƙarami ne: a haɗa ɗalibin kemistiri da ɗalibin al'ada a kan batu guda, ɗaya ya ɗauko bayanin mai sana'a, ɗaya ya kai shi ɗakin gwaji, su biyun kuma su koma su faɗa wa mai sana'ar abin da aka gano.